Ire-iren Cutar Sanƙarau a Jikin Yara da Musabbabansu: Nazari Daga Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar

Tsakure

Maƙalar nan ta yi nazarin ire-iren cutar sanƙarau da ke kama yara, da ƙwayoyin cutar da ke haddasa kowane iri, da abubuwan da ke share musu hanya a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar. An rarraba cutar gwargwadon abin da ya jawo ta, wato bakteriya da bairos da funfuna da dalilan da ba na ƙwayar cuta ba. An nuna cewa shekarun yaro su ne babban manuni ga ƙwayar da ya kamata a tuhuma, kuma sanƙarau na annoba, wanda jama'a da hukumomi suka fi sani, ɓangare ɗaya ne kawai na matsalar. Sauran ire-iren suna ɗauke jarirai da ƙananan yara a kowane wata na shekara, sau da yawa da sunan zazzaɓin cizon sauro. Maƙalar ta tsaya a kan cewa ba allura ɗaya ce za ta kawar da cutar ba, sai an haɗa rigakafin yau da kullum da kula da haihuwa da gaggawar kai yaro asibiti da tantance ƙwayar cuta a ɗakin gwaji.

1.0 Gabatarwa

Da zarar an ambaci sanƙarau a ƙasar Hausa, abin da ke zuwa a zuciya shi ne bazara: zafi ya tsananta, ana kwasar marasa lafiya zuwa asibiti wuya a ƙage, gwamnati ta turo masu allura ƙauye-ƙauye. Wannan fahimta tana da tushe a tarihi. Tun 1905 aka rubuta ɓarkewar annobar a Arewacin Nijeriya, daga nan kuma ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana iyakar yankin da annobar ta fi yi wa ɗauki ɗai-ɗai a Afirka. A yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikin wannan yanki, tun daga Senegal a yamma har Habasha a gabas, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsa. Annobar 1996 ita ce mafi muni da aka taɓa gani: a Nijeriya kaɗai an ƙidaya mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu.

Sai dai wannan tarihi ya sa idonmu ya tsaya a kan nau'i ɗaya. Jaririn kwana goma da ya ƙi kama nono ya rasu a watan Agusta, ko ɗan shekara biyu da ya yi ta jijjiga bayan kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya, ba kasafai ake danganta mutuwarsu da sanƙarau ba, alhali sau da yawa shi ne. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace waɗannan ire-ire ɗaya bayan ɗaya, domin kowane iri da hanyar da yake bi ya shiga jikin yaro, kowanne kuma da hanyar tare shi.

2.0 Yadda Cutar Ke Faruwa a Jiki

Ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya suna lulluɓe da tantani hawa uku, kuma a tsakanin biyu na ciki akwai wani ruwa garai-garai da ke kewaya su. Sanƙarau shi ne kumburin wannan tantani. Allah ya halitta wa ƙwaƙwalwa wani shinge da ke hana ƙazantar da ke cikin jini isa gare ta, amma ƙwayar cuta tana iya tsallake shi ta hanyoyi uku. Ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce ƙwayar ta zauna a hanci da maƙogwaro, ta huda fatar wurin, ta shiga jini, jini ya kai ta can. Ta biyu ita ce ta ratso daga maƙwabta, kamar kunnen da ya ruɓe ko kogunan da ke cikin ƙashin fuska. Ta uku ita ce ta shiga kai tsaye ta wata kafa, kamar tsagewar ƙoƙon kai a haɗari, ko tawayar da ake haihuwar wasu jarirai da ita a gadon baya.

Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ba shi da isassun sojojin jiki, saboda haka ƙwayar da ta isa can takan yi ta haihuwa babu mai tare ta. Kafin garkuwar jiki ta farga, abin ya yi nisa, kuma yaƙin da za ta yi shi ne ke jawo kumburi. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, don haka kumburin sai ya matse ƙwaƙwalwa, ya toshe ƙananan hanyoyin jini, ya lalata sashen ji na can cikin kunne. Daga nan ne kurumta da farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da taruwar ruwa a kai da raunin fahimta ke samo asali ga yaran da suka tsira.

3.0 Ire-iren Sanƙarau

3.1 Sanƙarau na Bakteriya

Wannan shi ne mafi haɗari. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida da suka kamu da shi yana rasuwa, ɗaya cikin biyar kuma yana tashi da tawaya mai tsanani. Yana iya kashewa cikin awa 24. Ƙwayoyin da ke haddasa shi suna sauyawa da shekarun yaro, shi ya sa za a bi su bisa wannan tsari.

3.1.1 Jarirai Sabbin Haihuwa

Daga haihuwa zuwa wajen wata uku, ƙwayoyin da suka fi kama jariri daga jikin mahaifiyarsa ko wurin haihuwa yake samun su. Ta gaba-gaba ita ce wadda masana ke kira Streptococcus agalactiae, ko sitireftokokus rukunin B, wadda ke zaune a hanji da gaban wasu mata ba tare da ta yi musu komai ba, sai jariri ya ɗauka lokacin fitowa. Akwai kuma ƙwayoyin hanji irin su Escherichia coli da Klebsiella, da Listeria wadda mai ciki ke iya ɗauka daga gurɓataccen abinci, musamman madarar da ba a tafasa ba.

Abubuwan da ke ƙara haɗarin sanannu ne ga duk wanda ya yi aiki a ɗakin haihuwa: bakwaini, da jaririn da aka haifa ba nauyi, da fashewar faya fiye da awa 18 kafin haihuwa, da zazzaɓin uwa lokacin naƙuda, da yanke cibiya da rezar da ba sabuwa ba ko shafa mata abin da ba magani ba. A yankin da mata da yawa ke haihuwa a gida, kuma mai jego ba ta fita sai an yi arba'in, jaririn da ya kamu yakan rasu a ɗaki ba tare da ma'aikacin lafiya ya gan shi ba. Har yanzu babu allurar rigakafin waɗannan ƙwayoyi a kasuwa, don haka kariyarsu tana wajen awon ciki da tsabtar haihuwa.

3.1.2 Ƙwayar Hib

Haemophilus influenzae nau'in b, wadda ake taƙaitawa da Hib, tana kama yara daga wata biyu zuwa shekara biyar, musamman 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Duk da sunanta, ba ita ce ke kawo mura ba. Kafin zuwan rigakafinta tana cikin manyan masu haddasa sanƙarau ga ƙananan yara a duk duniya. Gambiya ta shigar da allurarta cikin jadawali a 1997, cikin 'yan shekaru kuma cutar ta kusan ɓacewa a can. Nijar ta bi sahu a 2008, Nijeriya a 2012, duka ta hanyar allurar Penta mai kare cututtuka biyar, wadda ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14. Ke nan duk yaron da Hib ta kama a yau, mafi yawanci yaro ne da bai samu waɗannan allurai uku ba.

3.1.3 Ƙwayar Numokokus

Streptococcus pneumoniae, wato numokokus, ita ce ƙwayar da ke kawo ciwon haƙarƙari da ciwon kunne, kuma a cikin masu haddasa sanƙarau babu wadda ta kai ta kisa. Wani nazari da aka buga a 2009, wanda ya tattara rahotannin asibitocin Afirka game da yara, ya nuna cewa a matsakaicin lissafi tana kashe kashi 35 cikin 100 na waɗanda ta kwantar, Hib kashi 25, ƙwayar annoba, wato meningokokus, kuwa kashi 4. Waɗannan alƙaluma sun isa su sa mu sake tunani: ƙwayar da muka fi tsoro ba ita ce ta fi kashe yaron da ta kama ba.

Numokokus tana da nau'o'i fiye da 90, allurar rigakafinta kuma wasu daga ciki take karewa. Nijar ta fara amfani da mai nau'i 13 a 2014, Nijeriya ta fara da mai nau'i 10 a ƙarshen 2014, aka faɗaɗa ta jiha-jiha. A yankinmu ƙwayar tana da wata ɗabi'a ta daban, domin nau'inta na 1 yana bin rani kamar ƙwayar annoba, yana kuma kama manyan yara da magidanta. An ga haka a Gana a 2015 zuwa 2016, inda aka samu ɓarkewa a yankin Brong Ahafo. Wannan na nufin ko a tsakiyar bazara bai kamata likita ya yanke hukunci a kan nau'in ƙwaya ba tare da gwaji ba.

3.1.4 Ƙwayar Meningokokus

Neisseria meningitidis, wato meningokokus, ita ce mai annoba. A jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na mutane suna ɗauke da ita a maƙogwaro cikin ƙoshin lafiya, suna yaɗa ta ta tari da atishawa da kusantar numfashi. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10, mafi yawa 4. A lokacin annoba 'yan shekara 5 zuwa 14 ne suka fi kwanciya. Wani lokaci ƙwayar takan cika jini kafin ma ta kai ƙwaƙwalwa, sai a ga tabo-tabo masu duhu a fata da tafin hannu da cikin ido, hannuwa da ƙafafu su yi sanyi, yaro ya tafi cikin 'yan sa'o'i.

Tana da rukunai 12, shida daga ciki ne ke da alhakin kusan duk cutar: A da B da C da W da X da Y. Tarihin waɗannan rukunai a yankinmu darasi ne babba. Kusan shekara ɗari rukunin A ne ke mulki, shi ne ya yi ɓarnar 1996. A Disambar 2010 aka ƙaddamar da allurar MenAfriVac, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa a kan farashin da bai kai rabin dala ba, aka fara da Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya kuma ta yi nata gangamin daga 2011 zuwa 2014 ga 'yan shekara 1 zuwa 29. Nasarar ta wuce zato, domin tun 2017 ba a sake tabbatar da rukunin A a ƙasashen yankin ba.

Amma sauran rukunan suna nan. Rukunin W ya ɓarke tsakanin alhazai a aikin Hajjin 2000, ya biyo su gida, ya haddasa annoba a Burkina Faso a 2002. Irin wannan ne ya sa Saudiyya ke wajabta wa maniyyata allurar rukunai huɗu. Rukunin X ya addabi Yamai da kewaye a 2006. Sai wani sabon jinsi na rukunin C ya ɓullo a Sakkwato a 2013 da Kebbi a 2014, ya tsallaka Nijar a 2015 ya kwantar da mutum kusan 8,500, fiye da 500 suka rasu. A ƙarshen 2016 ya sake tashi daga Zamfara, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja da Yobe, Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya ta ƙidaya mutum 14,518 da ake zaton sun kamu, 1,166 suka rasu. A ƙarshen 2022 ya bayyana a jihar Damagaram da jihar Jigawa kusan lokaci guda, abin da ba zai ba kowa mamaki ba idan aka duba yadda kasuwanni da auratayya suka haɗa Magarya da Dungas da garuruwan Jigawa na bakin iyaka.

Amsar da kimiyya ta bayar ita ce allurar Men5CV mai kare rukunai biyar, A da C da W da X da Y. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yulin 2023, Nijeriya kuma ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da ita, a watan Maris na 2024.

3.1.5 Ƙwayar Tarin Fuka

Wannan nau'i ya saɓa wa sauran domin a hankali yake zuwa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar yakan ɗauki ƙwayar daga wani babba mai tari a gida, ta zauna a huhunsa, ta bi jini zuwa kai. Sai a yi sati biyu ko uku yana zazzaɓi sama-sama, yana rama, ba ya wasa, ba ya son abinci, ana ta sauya masa magani. Kafin wuya ya ƙage ko ido ya karkace, ƙwaƙwalwa ta riga ta taɓu. Magungunan sanƙarau na yau da kullum ba sa yi masa komai, sai na tarin fuka, kuma ana shan su watanni, har zuwa shekara guda. Allurar BCG da ake yi ranar haihuwa, wadda ke barin tabo a damtse, babban amfaninta shi ne kare yaro daga wannan nau'i. Tambaya ɗaya, wato ko akwai mai tsohon tari a gidan, tana iya ceton ran yaro.

3.2 Sanƙarau na Bairos

A ƙasashen da rigakafi ya wadata wannan ne ya fi yawa, kuma galibi ya fi sauƙi, yaro yakan warke cikin kwana 7 zuwa 10 ba tare da maganin kashe bakteriya ba. Mafi yawansa daga dangin bairos na hanji ne, masu yaɗuwa ta bayan gida da ruwa da hannun da ba a wanke ba. Hangum ma yana kawo shi, kuma allurarsa ba ta cikin jadawalin rigakafin gwamnati a Nijeriya. Haka nan ƙarambau da ƙyanda. Inda sauƙin ya ƙare shi ne bairos ɗin hafis, wanda kan kama jariri lokacin haihuwa, ya wuce tantani ya shiga naman ƙwaƙwalwa, kuma yana buƙatar magani na musamman cikin gaggawa. Abin kiyayewa shi ne, a ranar farko babu mai iya bambanta na bairos da na bakteriya da ido. Duk yaron da ya zo da alamomin, ana ɗaukarsa a matsayin mai na bakteriya har sai gwaji ya nuna akasin haka.

3.3 Funfuna da Sauran Dalilai

Funfunar Cryptococcus, wadda ake samu a ƙasar da kashin tsuntsaye irin su tattabaru ya taru, tana kama waɗanda garkuwarsu ta karye, musamman masu cutar ƙanjamau da ba sa shan magani. Ta fi yawa ga manya, ba ta cika kama yara ba. Funfunar Candida kan kama bakwainin da ya daɗe a asibiti. Akwai kuma kumburin tantani da ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, kamar wanda sankarar jini ko wasu magunguna ke jawowa. Waɗannan ba su da yawa, kuma ba a ɗaukar su daga wani.

4.0 Abubuwan da Ke Share wa Cutar Hanya

Ƙwayar cuta ita ce musabbabi na kusa, amma tunda dubban mutane na ɗauke da ita lafiya lau, dole a tambayi abin da ke sa ta kayar da wani yaro ta bar wani.

4.1 Yanayi

Annoba tana farawa da hunturu, ta kai ƙololuwa a Maris da Afrilu, ta lafa da saukar ruwan farko. Jama'a kan ce zafi ne ke kawo ta, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ba zafin ba ne kai tsaye. Binciken da Brian Greenwood da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da yankin Malumfashi a shekarun 1970 ya nuna cewa ƙwayar tana ci gaba da yawo tsakanin mutane har da damina, amma da rani ne take zama ciwo. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne bushewar iska da ƙura suna tsattsage fatar hanci da maƙogwaro, mura ta ƙara raunata ta, ƙwayar ta sami kafar shiga jini.

4.2 Cunkoso

Ƙwayar ba ta daɗewa a wajen jiki, sai da kusanci take tsallakawa. Ɗaki ɗaya mai mutum goma ba taga, da zauren almajirai, da ɗakin kwanan ɗalibai, da sansanin 'yan gudun hijira, duk wurare ne da take samun yadda take so. A farkon 2024 ɗaliban makarantun kwana a jihar Yobe suna cikin waɗanda cutar ta kashe. Rashin tsaro a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Maraɗi ya ƙara dagula lamarin, domin ya tara jama'a a matse a garuruwa, ya kuma raba ƙauyuka da ma'aikatan rigakafi. Hayaƙin girki a cikin ɗaki da na sigari su ma suna raunata hanyar numfashin yaro.

4.3 Raunin Garkuwar Jiki

Jariri yana zuwa duniya da garkuwar da ya samu daga mahaifiyarsa, wadda ke raguwa cikin watannin farko kafin tasa ta yi ƙarfi. Wannan giɓi ne ya sa 'yan ƙasa da shekara biyu suka fi shiga haɗari, nonon uwa zalla na wata shida kuma yana taimakawa wajen cike shi. Tamowa da ƙyanda da ƙanjamau duk suna karya garkuwa. Ya kamata a ware masu amosanin jini, wato sikila, a yi musu magana ta musamman. Saifa ita ce ke tace ƙwayoyi irin su numokokus da Hib daga jini, a jikin mai sikila kuwa takan daina aiki tun yana ƙarami. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu wannan lalura, don haka zazzaɓi a jikin irin wannan yaro abin gaggawa ne ko da bai yi tsanani ba.

4.4 Giɓin Rigakafi

Ƙiyasin 2023 ya nuna Nijeriya tana da yara kimanin miliyan 2.1 da ba a yi musu ko allurar Penta ta farko ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa, kuma kaso mai yawa a Arewa suke. Nisan asibiti da ƙarewar allura da rashin izinin maigida duk suna cikin dalilai. Akwai kuma rashin yarda, wanda shi ma yana da tarihi. A lokacin annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Duk mai son jama'a su miƙa hannun 'ya'yansu dole ya san cewa ba a manta da wannan ba, ya kuma yi musu bayani na gaskiya.

5.0 Matsalar Gane Cutar da Tantance Nau'inta

Babban yaro yakan zo da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da amai da ƙagewar wuya da ƙin haske. Jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya ƙagewa ko kaɗan. Abin da za a gani shi ne ƙin kama nono, da kuka mai ƙara wanda rarrashi ba ya tsayarwa, da yawan barci ko saki, da kumburin maɗiga, da jijjiga, jikinsa kuma yana iya yin sanyi maimakon zafi. Uwar da aka koya wa jiran ƙagewar wuya za ta makara.

Tarko na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kawo jijjiga da suma, daidai da sanƙarau. Tunda yara da yawa a yankinmu suna da ƙwayar maleriya a jini ko da lafiyarsu ƙalau, gwajin da ya nuna ta bai kore sanƙarau ba, cututtukan biyu ma suna iya haɗuwa a jikin yaro ɗaya. Wasu iyayen kuma jijjiga ce ke sa su zaton iska, a fara da hayaƙi da rubutu, asibiti ya zama na ƙarshe.

Hanyar tabbatarwa ita ce ɗibar ruwan baya da allura. Na mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau na bakteriya kuwa yakan fito kamar ruwan wankin shinkafa. Iyaye da yawa suna ƙin wannan gwaji domin sun ga wanda aka yi wa ya rasu ko ya shanye, alhali ciwon da ya riga ya yi nisa ne ya yi ɓarnar. Ko an ɗebi ruwan, akwai sauran aiki: ƙwayar tana mutuwa idan samfurin ya daɗe a hanya, ɗakunan gwajin da ke iya tantance rukuni, irin su CERMES a Yamai da babban ɗakin gwaji na ƙasa a Abuja, suna da nisa da ƙauyuka, kuma maganin da aka saya a kemis aka ba yaro kafin zuwa asibiti yakan ɓoye ƙwayar ba tare da ya kashe ta duka ba. Sakamakon haka, kaɗan ne daga waɗanda ake zato ake tabbatarwa. A ɓarkewar da aka yi tsakanin Oktoban 2023 da Maris 2024 a jihohi bakwai na Nijeriya, cikin mutum 1,742 da ake zato, 101 ne gwaji ya tabbatar. Hukumar da ba ta san rukunin da ke yawo ba, ba za ta san allurar da za ta nema ba.

6.0 Shawarwari

Na farko, a ɗauki allurar BCG da Penta da ta numokokus da ta wata tara a matsayin rigakafin sanƙarau, a kuma faɗa wa iyaye haka ƙarara a wurin awo da gidajen rediyo, domin da yawa suna zaton sai an yi gangami ne ake samun kariya.

Na biyu, a shigar da allurar rukunai biyar cikin jadawalin yau da kullum a Nijeriya da Nijar, kada ta tsaya a martanin annoba, jihohin bakin iyaka kuma su riƙa musayar rahoton mako-mako.

Na uku, a horar da ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci a kan alamomin jarirai, a wadata su da allurar seftiriyazon domin a yi wa yaro ta farko kafin a tura shi babban asibiti. Bai halatta a jinkirta magani domin jiran gwaji ba.

Na huɗu, a samar da ɗakin gwaji mai aiki aƙalla ɗaya a kowace jiha da kwalaben jigilar samfuri kafin shigowar hunturu. A kuma duba darasin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, inda gwajin da aka yi a 2017 ya nuna cewa raba ƙwayar magani ɗaya ta sifurofulosasin ga dukan mutanen ƙauyen da cutar ta ɓulla ya rage yawan masu kamuwa.

Na biyar, duk yaron da ya warke a gwada jinsa kafin sallama ko jim kaɗan bayanta, domin kurumtar da aka gano da wuri ba lallai ta hana shi magana da karatu ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sanƙarau cututtuka ne da dama da suka haɗu a wuri ɗaya na jiki: na jarirai daga wurin haihuwa, na ƙananan yara daga Hib da numokokus da tarin fuka, na manyan yara daga meningokokus, sai na bairos da na funfuna. A 2020 ƙasashen duniya sun amince da shirin da ke neman kawar da annobar sanƙarau kafin 2030, da rage masu kamuwa da nau'o'in da ke da rigakafi da rabi, da rage mace-macensu da kashi 70 cikin 100. Kawar da rukunin A ya tabbatar da cewa buri na farko mai yiwuwa ne. Sauran biyun kuwa ba za su samu ta hanyar gangamin bazara ba, sai ta ɗakin haihuwa da katin rigakafi da ɗakin gwaji. Kira ga gwamnatocin jihohi da sarakuna da malaman addini da ma'aikatan lafiya shi ne su riƙa yi wa cutar nan shiri wata goma sha biyu na shekara, su kuma isar wa kowace uwa cewa jaririn da ya yi zazzaɓi ya ƙi nono, a ranar ake kai shi asibiti.